Tukunyar Ƙasa Tana da Labari

A yawancin gidajenmu akwai wani lungu mai inuwa inda randa take zaune. Maigida in ya dawo daga gona da tsakar rana, ko yaro in an taso daga makaranta, can yakan nufa tun bai zauna ba. Ya ɗaga faifai, ya tsoma moɗa, ya sha ruwa mai sanyi, ya yi godiya. Amma ba mai tsayawa ya dubi randar kanta. Ran da ta fashe kuwa, sai a yi wa wanda ya fasa ta faɗa, a kwashe tsingaron a kai juji, shi ke nan an manta da ita.

Mai karatu, ko ka san cikin dukan kayan gidanka ba abin da zai kai wannan tsingaro daɗewa? Zane zai yage ya ruɓe. Gara za ta ci turmi da ƙyaure. Tsatsa za ta cinye kwano da fartanya. Amma tsingaro zai kwanta cikin ƙasa shekara dubbai, ba abin da ya same shi. Saboda haka ne masu binciken tarihi suke murna in sun tono shi. Akwai al'ummai da yawa da suka shuɗe, ba wanda ya san sunan da suke kiran kansu ko harshen da suke yi, amma tukwanensu suna nan, su ne suke ba mu labarinsu. Bari mu zaga duniya kaɗan mu ji abin da tukwane suke faɗi, sa'an nan mu komo gida mu dubi namu.

Aikin wuta

Yumɓu ɗanye in ya bushe a rana yakan yi tauri, amma da ruwa ya taɓa shi sai ya koma laka. Kowane yaron da ya taɓa gina saniya a bakin rafi ya san wannan. In an sa shi cikin wuta kuwa, zafin ya kai wajen digiri 600, sai ruwan da yake haɗe cikin jikin yumɓun ya fita ɗungum. Daga nan ya sāke hali ke nan har abada. Ko ya shekara cikin kogi ba zai sake narkewa ba. Tukunya tana iya fashewa, amma ba ta ruɓewa.

Mutane sun gane wannan tun da daɗewa ƙwarai. A cikin wani kogo mai suna Shanrendon, a kudancin ƙasar Sin, an tono gutsattsarin tukwane waɗanda masana suka ƙiyasta shekarunsu wajen 20,000. An ba da wannan labari a 2012. A ƙasar Japan akwai tukwane masu shekara wajen 16,000. Maginan ƙasar na dā sukan danna igiya a jikin tukunya tun tana ɗanya don ta bar zane, kamar yadda matanmu suke mirgina tufkakkiyar igiya ko totuwar masara a kafaɗar tulu. A nan Afirka ta Yamma ma ba a bar mu a baya ba. A wani wuri mai suna Unjugu, cikin ƙasar Dogon a Mali, an sami tsingaro mai shekara fiye da 11,000. Yana cikin tukwane mafi tsufa da aka sani a Afirka duka.

Abin lura shi ne, waɗannan mutane ba su san juna ba, ba wanda ya koya wa wani. Kowa bukata ce ta kai shi. Kafin tukunya, yawanci akan gasa abinci ko a ci shi ɗanye. Da aka sami tukunya sai aka iya dafa hatsi, aka dama kunu domin jariri da tsohon da ba shi da haƙori, aka kuma ajiye iri inda ɓera ba zai kai ba.

Mutum-mutumin da ya yi gadin doya

A 1928 masu haƙar kuza a kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yanzu, suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. Aka kai shi Jos aka ajiye, ba wanda ya kula da shi sosai. Wajen 1943 wani ma'aikacin kuza a yankin Jama'a ya sami wani kan, mai kamannin mutum. Ya kai shi gonarsa ta doya ya kafa don korar tsuntsaye da dabbobi. Can ya yi ta gadi har labari ya kai kunnen wani Bature mai suna Bernard Fagg, wanda ya karanta ilimin kayan tarihi. Da ya gwada shi da kan nan na farko, sai ya ga gini ɗaya ne. Daga nan aka shiga nema, aka yi ta samu a wurare masu nisa da juna. Wannan aiki ne ya kai ga buɗe gidan tarihi na Jos a 1952.

Mutanen Nok sun fara zama a wannan yanki wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Almasihu. Siffofin da suka gina suna da kitso iri iri, da duwatsun wuya, da mundaye. Sukan huda ƙwayar ido da hanci da baki. Wannan huda ado ce, tana kuma da amfani, gama ta nan tururi yake fita lokacin gashi, don kada kan ya tsage. Sun san narka tama tun ƙarnuka kafin haihuwar Almasihu, an ga matoyansu a Taruga.

To, me suke ci? Ƙasar wurin tana cinye ƙashi, saboda haka ba a sami ƙasusuwan dabbobinsu ba. An sami ƙonannen gero da wake. Sauran labarin kuwa tukwanen girkinsu ne suka bayar. Jikin tukunyar ƙasa yana shan maiƙon abin da aka dafa a ciki, ya riƙe shi. Masana daga jami'o'in Biristol a Ingila da Farankfot a Jamus suka niƙa gutsattsarin tukwanen Nok suka auna. A 2021 suka ba da labari cewa sun sami kakin zuma a cikin da yawa daga cikinsu. Watau shekara 3,500 da suka wuce, mutanen wannan ƙasa suna ɗebo zuma suna sarrafa ta. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Ga tsohuwar zuma ta gaske, tukunya ce ta adana mana shaidarta.

Tulunan kogon Kumran

Ga mu masu karanta Littafi Mai Tsarki, ba tulunan da suka kai na Kumran muhimmanci. Wajen farkon 1947 waɗansu Larabawa makiyaya suna kiwo a duwatsun da suke gefen Tekun Gishiri, kudu da Yariko. An ce ɗaya daga cikinsu ya jefa dutse cikin wani kogo, sai ya ji ƙarar fashewar tukunya. Da suka shiga suka tarar da dogayen tuluna masu murfi. Cikin waɗansu akwai naɗaɗɗun littattafai na fata, an ƙunshe su da ƙyallen lilin.

Ɗaya daga cikin littattafan nan shi ne na annabi Ishaya da Ibrananci, daga farko har ƙarshe. Tsawon fatar ya fi mita 7. An rubuta shi fiye da shekara 100 kafin haihuwar Almasihu, watau ya girmi kofen Ibrananci mafi tsufa da aka sani a lokacin da shekara wajen 1,000. Da aka gwada su, sai aka ga masu kwafa sun yi aikinsu da aminci ƙwarai cikin dukan ƙarnukan nan. Zuwa 1956 an sami kogo 11 masu rubuce-rubuce a wannan yanki. Yawancin waɗanda aka bari a ƙasa ba tulu sun ragargaje sun zama gutsattsari dubbai. Littafin Ishaya kuwa yana nan a Urushalima har yau.

Wannan dabara ta ajiya tsohuwa ce a ƙasar. Cikin sura 32 ta littafin Irmiya, annabin ya sayi gona a Anatot lokacin da sojojin Babila suka kewaye Urushalima. Ya umarci Baruk ya sa takardun cinikin cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe. Tulunan Kumran ba su da zane ko launi. In da an kai su kasuwa, da ba mai ɗaga kai ya dube su. Darajarsu tana ga abin da suka riƙe.

Helenawa da Romawa

In ana zancen ado kuwa, sai a tuna da Helenawa. Maginan birnin Atina suna aiki da faifai mai juyawa, irin wanda Irmiya ya gani a gidan maginin tukwane. Sa'an nan mai zane ya zana hotuna a jikin tukunyar: mata a bakin rijiya, yara a makaranta, masu tsere, masu makoki, da labaran gumakansu. Da farko mutanen da ake zanawa baƙaƙe ne a kan jan yumɓu. Wajen shekara 530 kafin haihuwar Almasihu aka juya abin, mutanen suka zama ja, kewayensu baƙi.

Abin mamaki shi ne, baƙin nan ba fenti ba ne. Tatacciyar laka ce mai laushi suke shafawa. In an sa tukwane a matoya, da farko sai a bar iska ta shiga, kome ya yi ja. Sa'an nan a toshe ƙofofi a zuba ɗanyen itace, hayaƙi ya mai da kome baƙi. Daga baya a sake buɗewa. Inda ba a shafa lakar ba sai ya koma ja, inda aka shafa kuwa ya riga ya toshe, ya zauna baƙi mai sheƙi. Maginiyar da takan turara tukunyarta da ɗanyen ganye don ta yi baƙi, ai rabin wannan ilimi yana hannunta.

Tsingaro ma bai zama banza a Atina ba, da shi suke jefa ƙuri'a. In jama'a suna tsoron wani babban mutum zai fi ƙarfin gari, sai a taru a kasuwa, kowa ya karce sunan wanda yake so a kora a kan tsingaro. In ƙuri'u sun kai 6,000, wanda sunansa ya fi yawa sai ya bar gari har shekara 10. Cikin wata tsohuwar rijiya a Atina an tono tsingaro 190, duka da sunan mutum ɗaya, Temistokilis, jarumin da ya taɓa ceton birnin daga Farisawa. Da aka duba rubutun sai aka ga hannun mutum 14 ne kaɗai. Da alama waɗansu ne suka shirya su don su rarraba wa jama'a. Ashe maguɗin zaɓe ba yau ya fara ba, ga tsingaro ya tona asiri bayan shekara fiye da 2,400.

A birnin Roma kuma akwai wani tudu mai suna Testacco, tsayinsa wajen mita 35. Ba dutse ba ne, ba kuma ƙasa ba. Juji ne na fasassun tuluna, an ƙiyasta sun kai miliyan 53. Yawancinsu daga kudancin Sifen aka kawo su cike da man zaitun. Da yake mai yakan shiga jikin tulu ya yi ɗoyi, ba a sake amfani da su. Sai a fasa, a jera da tsari, a barbaɗa farar ƙasa don wari. A jikin tulunan akwai rubutun nauyin mai da sunan ɗan kasuwa. Daga wannan juji ne masana suke sanin yadda babban birnin nan yake samun abincinsa a zamanin dā.

Asirin tangaran

Kofin shayi na tangaran da uwargida take ajiye wa baƙi, asalinsa ƙasar Sin ne. Sinawa sun gano cewa in an haɗa wani farin yumɓu da garin wani irin dutse, aka gasa da zafi mai tsanani, wajen digiri 1,300, sai su narke su haɗu su zama abu mai fari, mai ƙarfi, wanda ruwa ba ya ratsa shi. In ka ƙwanƙwasa shi sai ya yi ƙara kamar ƙararrawa, in ka ɗaga shi sama haske ya ratso. Farin yumɓun ana ce da shi kawolin, daga sunan wani tudu kusa da garin Jindejen, inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana yi wa sarakunan Sin tangaran. Irin wannan yumɓu akwai shi a ƙasarmu, misali a Ƙanƙara ta Jihar Katsina. Shuɗin launin da aka fara zana fararen tangaran da shi a ƙarni na 14, daga ƙasar Farisa fatake suke kawo shi.

Turawa sun daɗe suna sayen tangaran da tsada ba su san yadda ake yinsa ba. Wani sarkin Saksoni a Jamus, mai suna Agustus, son tangaran ya kama shi kamar ciwo. A 1717 ya ba sarkin Furusiya sojan doki 600, ya karɓi tangaran 151 a madadinsu. Dubi yadda kwaɗayi yakan sa a mai da mutum abin musaya. Wannan sarki ne ya tsare wani saurayi mai suna Botga, wanda ya yi fahariya wai yana iya mai da dalma zinariya. Zinariya dai ba ta samu ba, amma shi da wani masani suka yi ta gwaje-gwaje har suka gano haɗin tangaran a 1708. A 1710 aka buɗe masana'anta a garin Maisen, tana aiki har yanzu.

Tsofaffin tangaran na Sin suna da tsadar da hankali ba ya ɗauka. A 2014 an sayar da wani ɗan kofi a Hon Kon a kan dala miliyan 36. An yi shi a ƙarni na 15, bai fi cikin tafin hannu ba, abin da aka zana a jikinsa kuwa zakara ne da kaza da 'yan tsaki. Ga shi asalinsa ƙasa ne, kamar kaskon da ake zuba wa kajinmu ruwa.

Ladi Kwali

Yanzu sai mu komo gida. Wajen 1925 aka haifi wata yarinya a garin Kwali, ƙasar Gbagyi, aka sa mata suna Ladi. A ƙasarsu ginin tukwane aikin mata ne, ta kuwa koya tun tana ƙarama a wurin wata 'yar'uwar iyayenta. Ba faifai mai juyawa, ba inji. Za ta ɗora curin yumɓu, ta huda tsakiyarsa, ta yi ta jawo shi sama tana ƙara murɗaɗɗen yumɓu, ita ce take kewaya tukunyar. In ta gama sai ta zana kunama, da ƙadangare, da kada, da hawainiya, da kifi, da tsuntsaye a jikinta. Bayan gashi kuma a yayyafa ruwan makuba tun tukunyar tana da zafi, don ta yi ƙarfi da sheƙi.

Tulunanta suka yi suna har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara waɗansu a fadarsa. Abujar da ake nufi ita ce Suleja ta yau. A fadar ne wani Baturen Ingila, maginin tukwane mai suna Michael Cardew, ya gan su, ya yi mamaki. Gwamnati ce ta ɗauko shi don ya kafa wurin koyar da ginin zamani, ya kuwa kafa shi a wannan gari. A 1954 Ladi ta shiga, ita ce mace ta farko a wurin. Ta koyi aiki da faifai, da shafa ruwan gilashi, da gashi cikin babbar matoya. Amma ba ta yar da abin da ta koya a gida ba. Ta ci gaba da gina manyan tuluna da hannu, da zanenta na Gbagyi.

An nuna aikinta a Landan a 1958, 1959 da 1962. Ta je Turai da Amurka, ta yi gini a gaban manyan malamai suna kallo. Matar da ba ta yi makarantar boko ba, a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta. A 1980 ta sami lambar yabo mafi girma da Nijeriya take ba masana. Ta rasu a Minna a 1984. In ka juya takardar naira 20 wadda aka fitar a 2007, za ka gan ta tana gini. Yara da yawa sun riƙe wannan kuɗi ba su san ko wace ce ba. Ya kamata iyaye su gaya musu.

Randa ba ta tsufa ba

Yau in ka shiga kasuwa, rumfar masu roba ta fi ta masu tukwane cika nesa ba kusa ba. Ba za mu ce roba ba ta da amfani ba. Ba ta da nauyi, ba ta fashewa da sauri, yarinyar da take ɗebo ruwa daga nesa ta san bambanci. Amma a ƙauyuka da yawa maginan da suka rage tsofaffi ne. 'Ya'yansu sun ga aikin da wuya, ga haƙar yumɓu, ga neman itace da kara, ga ribar kaɗan, ga kuma raini. Wannan ilimi ba a rubuce yake ba. A hannu yake, daga hannu kuma yake wucewa zuwa hannu. Tsohuwa ɗaya in ta rasu ba ta koya wa kowa ba, sanin ramin da yumɓu mai kyau yake, da yawan yashi ko garin tsingaron da za a haɗa, da lokacin da za a janye wuta, duk sun bi ta kabari.

Ga shi kuwa akwai abin da randa take yi wanda jarka ba ta iyawa. Jikin randa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yakan tsattsafo ta nan, iska ta busar da shi, bushewar kuwa takan tafi da zafi. Haka zufa take sanyaya jikin mutum. Wani malami a Jihar Jigawa, marigayi Muhammad Bah Abba, wanda ya fito daga gidan magina, ya yi aiki da wannan sani cikin shekarun 1990. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Tumatir da gauta da alayyafo waɗanda dā sukan lalace cikin kwana kaɗan, sai suka riƙa daɗewa. Ya rarraba dubban irin waɗannan tukwane a ƙauyuka, a shekara ta 2000 kuma ya sami kyautar Rolex ta duniya. Ba lantarki, ba kananzir. Kowace uwargida tana iya gwadawa. A ajiye a inuwa inda iska take kaɗawa, a riƙa jiƙa yashin safe da yamma. Ya fi aiki da rani, lokacin da iska take a bushe.

Sai dai a tuna, randa tana sanyaya ruwa ne, ba ta kashe ƙwayoyin cuta. A zuba mata ruwa mai tsabta, a riƙa wanke ta, a rufe bakinta kullum. A keɓe moɗa ɗaya mai dogon hannu domin ɗiba kaɗai, kada kowa ya kafa baki a kanta ya mayar ciki.

Abin da ya rage gare mu

Akwai abubuwa kaɗan da kowane gida zai iya yi. Na fari, in akwai maginiya ko magini a garinku, ku saya a wurinsu, kada kuma ku matsa ciniki har ya zama ƙwace. Tulun da ake taya shi kuɗin goro, ya ci kwanaki ana wahalarsa. Na biyu, ku kai yara su ga yadda ake gini. Malaman makaranta da shugabannin zumuntar mata suna iya gayyatar maginiya ta zo ta nuna, a kuma biya ta ladanta. Wanda ya sami zuwa Jos ya shiga gidan tarihi, akwai tarin tukwane daga kabilun Nijeriya da yawa.

Na uku ya shafi manoma da masu haƙar ma'adinai. In garma ta tono maka tsohuwar tukunya ko kan mutum-mutumi, kada ka fasa don neman dukiya a ciki, kada kuma ka sayar wa dillali. Cikin shekarun 1990 an yi wa wuraren Nok mummunan tono, aka kwashe siffofi masu yawa zuwa ƙasashen waje a ɓoye. Dokar ƙasa ta hana wannan ciniki. Ban da haka, abin tarihi in an cire shi daga inda yake kwance ba tare da an auna an rubuta ba, rabin labarinsa ya ɓace, ba kuwa mai iya komo da shi. Ka bar shi a wurin, ka sanar da dagaci, a kai labari gidan tarihi mafi kusa.

Mutanen Nok ba su bar mana takarda ko ɗaya ba, duk da haka mun san kitsonsu, mun san sun ci gero da wake, sun sha zuma. Maginin da ya gina tulunan Kumran bai san cewa aikinsa zai tsare littafin Ishaya shekara 2,000 ba. Shi dai ya cuɗa yumɓunsa da kyau, ya gasa shi sosai, ya sayar. Mu ma wata rana waɗansu za su tona inda gidajenmu suke. Leda da roba za su samu da yawa, irin waɗanda ake samu ko'ina a duniya, ba za su gaya musu ko mu su wane ne ba. Zai yi kyau su sami tsingaro ma a ciki, mai zanen garinmu, da alamar yatsan wadda ta gina shi.

In ka je shan ruwa yau, ka ɗan tsaya ka dubi randar. Ka tambayi uwargida ko wa ya gina ta, a wane gari. In ba wanda ya sani a gidan, to, ranar kasuwa mai zuwa sai a tambayo.